Baƙo a Bakin Ƙofa: Girka Ƙarin Manhaja a Gungun Kwantenoni



Duk wanda ya san Birnin Katsina ya san Ƙofar Guga, watau ƙofar da ke fitar da matafiyi zuwa Jibiya, daga can kuma ya tsallaka iyaka ya doshi Maraɗi. Tana cikin ƙofofin da Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya lasafta bayan ya sauka a birnin cikin 1851, kuma shi ne ya kimanta kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14. Mutanen da suka tara ƙasa mai wannan yawa ba su da niyyar hana shiga da fita, gama Katsina gari ne na fatauci wanda ya yi arziki da baƙo, tun daga Wangarawa har zuwa Buzaye da Larabawan Gadamas. Sun gina ganuwa ne domin duk abin da zai shigo ya biyo ta inda ido zai gan shi. A wancan zamani, a kan kowace ƙofa akwai sarkin ƙofa, wanda ke rufe ta in dare ya yi, ya buɗe ta da safe. A cikin gari kuma akwai fatoma, watau mai masaukin fatake, wanda ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in magana ta taso.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wani aiki na zamanin kwamfuta wanda, in an lura, tambayoyinsa su ne tambayoyin sarkin ƙofa da na fatoma. Aikin kuwa shi ne ɗauko ƙarin manhaja daga kundin da wasu suka tanada, a girka ta a cikin gungun kwantenoni. Masu sayar da wannan fasaha sukan yi ta yabon sauƙinsa, cewa danna maɓalli ɗaya ya isa. Lalle ba su yi ƙarya ba. Sai dai sauƙin yana ɓoye gaskiyar cewa mai danna maɓallin ya zama mai masaukin baƙon da bai taɓa gani ba, kuma shi za a tambaya in baƙon ya yi ɓarna ko ya gudu da dare.

Kwantena da Gungu

Kafin a yi nisa ya kamata a warware kalmomin, domin dukansu aro ne, kuma aro ne daga bakin teku. A watan Afrilu 1956 wani ɗan kasuwar Amurka mai motocin dako, Malcom McLean, ya loda akwatunan ƙarfe 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston. Hikimarsa ita ce a daina sauke kaya ɗaya bayan ɗaya a kowace tasha, a rufe su cikin akwati mai girma ɗaya da siffa ɗaya, wanda jirgin ruwa da jirgin ƙasa da babbar mota duk za su iya ɗauka ba tare da sun san abin da ke ciki ba. Wannan akwati shi ne kwantena, kuma ba baƙon abu ba ne a Jihar Katsina, tun da an buɗe tashar sauke shi ta kan tudu a Funtuwa cikin 2024.

Masana kwamfuta sun ari wannan hikima. A da, in an rubuta manhaja a wata na'ura aka kai ta wata, sau da yawa sai ta ƙi aiki, saboda wani abu da take bukata babu shi a can, ko kuwa akwai shi amma zubin ya bambanta. Sai aka ce, to, a naɗe manhajar tare da dukan abin da take bukata cikin ƙunshi ɗaya, ta yadda ko ina aka kwance shi zai yi aiki iri ɗaya. Kamfanin Docker ne ya yaɗa wannan hanya daga 2013. In aka tayar da ƙunshin yana aiki, shi ake kira kwantena. Inda ake ajiye ƙunsosin domin jama'a su ɗiba kuwa, a wannan lacca za a kira shi rumbu, mafi shahara a cikinsu shi ne Docker Hub.

Kwantena ɗaya ba ta da wuyar kiwo. Amma ma'aikata mai kwantenoni ɗari a kan kwamfutoci goma tana bukatar mai tsara su: wa zai zauna a wace na'ura, wa za a tayar in ya faɗi, wa za a ƙara wa mataimaki in aiki ya yi yawa. Kamfanin Google ya fito da irin wannan madugu a 2014 ya sa masa suna Kubernetes, aka fitar da cikakken zubinsa na farko a Yuli 2015, aka kuma danƙa shi ga gidauniyar CNCF. Kwamfutocin da aka haɗa a ƙarƙashinsa suna aiki kamar na'ura ɗaya, su ne gungu. Kalmar Kubernetes Girkanci ce, ma'anarta matuƙin jirgin ruwa. Abin da ake girka kaya da shi kuma sunansa Helm, watau sitiyarin jirgin, takardun da yake karantawa kuma an ba su sunan taswirar da matuƙa ke bi a teku. Bakatsine da bai taɓa ganin teku ba dole ne ya yi haƙuri da wannan. Amma ba dole ne ya yi tunani da shi ba, domin gungu ya fi kama da birni mai ganuwa. A ciki akwai unguwanni, kowace da ayyukanta, akwai hanyoyi tsakaninsu, akwai taskar da ake ajiye kalmomin sirri da mabuɗai, akwai kuma fada mai ba da izini.

Sabon gungu birni ne da aka gama ginawa ba a zuba masa ma'aikata ba. Ya san yadda zai tayar da kwantena, amma ba shi da mai tsaron ƙofa da zai tarbi masu zuwa daga intanet ya nuna wa kowa gidan da yake nema. Ba shi da mai sabunta takardun shaidar nan da ke sa burauza ta yarda da shafi, waɗanda irin na Let's Encrypt aka daɗe ana bayar da su na kwana 90 kawai. Ba shi da mai gadin da zai yi ihu in faifai ya kusa cika, ba shi kuma da mai kwafe bayanai ya ɓoye saboda ranar asara. Waɗannan su ne ƙarin manhajar da ake magana a kai, kuma kowace tana da suna sananne a wurin masu sana'ar: ingress-nginx ko Traefik a bakin ƙofa, cert-manager a kan takardun shaida, Prometheus da Grafana a kan gadi, Velero a kan kwafe bayanai. Ba wanda ke zama ya rubuta su da kansa. Kowa kundi yake buɗewa ya ɗauko.

Yadda Ake Girkawa

Masu amfani da wayar hannu sun riga sun saba da cewa sun girka manhaja, kuma kalmar ta dace fiye da yadda masu faɗinta suke zato. Ana girka tukunya a kan murhu, watau a zaunar da ita daram. Haka kuma a al'adar bori ana yi wa mutum girka, bayanta kuwa abin da aka girka masa ya zama abokin zama, yana da bukatunsa da lokutansa, kuma ba a rabuwa da shi cikin sauƙi. Ma'anar ta biyu ta fi kusa da abin da ke faruwa a gungu.

Wani ƙaramin kamfani mai suna Deis ya fara Helm a 2015. Taswirar Helm tarin takardu ne masu gurabe, waɗanda ke bayyana wa gungu abin da za a kafa: wane ƙunshi za a jawo, daga wane rumbu, kwantena nawa za a tayar, wane wurin ajiya za a ba su, wane izini kuma za a damƙa musu. Tare da su akwai takardar zaɓi, inda mai taswirar ya riga ya cike kowane gurbi da abin da yake ganin zai dace da yawancin mutane. Mai girkawa yana nuna wa Helm inda taswirar take, ya sauya abin da yake so a takardar zaɓi, sa'an nan ya ba da umarnin helm install. Daga nan Helm ya cike gurabun, ya miƙa wa fadar gungu takardun, fada ta umarci kwamfutoci su jawo ƙunshin su tayar da shi. Helm yana rubuta abin da ya yi ya ajiye, domin in sabon zubi ya kawo matsala a iya komawa na jiya da helm rollback. Aikin duka bai cika wuce 'yan mintoci ba in intanet tana da kyau.

Kundi kuwa shi ne kasuwar da ake baje waɗannan taswirori. Akwai Artifact Hub, wanda ya gaji tsohon kundin Helm a 2020. Akwai OperatorHub, wanda Red Hat ya buɗe a 2019 tare da wasu manyan kamfanoni, na wata irin manhaja ce wadda ba ta tsaya ga girka abu ta tafi ba, zama take yi a gungu a matsayin wakili tana kula da shi dare da rana. Rancher da OpenShift suna da nasu kundin a cikin allon sarrafawa, inda mutum zai ga hotunan kaya a jere kamar a kanti, ya danna wanda yake so. A nan ne sauƙin ya kai matuƙa, a nan ne kuma mutum ya fi saurin girka abin da bai karanta ko layi ɗaya daga cikinsa ba.

Wa Ya Tsaya wa Baƙon

Tambayar farko da sarkin ƙofa ke yi wa baƙo ita ce daga ina, kuma wurin wa. Dole a fahimci cewa kundi irin Artifact Hub dillali ne, kayan ba nasa ba ne, ba ma a hannunsa suke ba. Nuni kawai yake yi zuwa inda mai kaya ya ajiye su, kuma kowa yana iya kawo nasa a jera masa. Saboda haka wanda ya nemi sanannen suna a ciki yakan tarar da taswirori da dama masu suna iri ɗaya, ɗaya ta masu manhajar ce, sauran na wasu ne da suka sake naɗe ta, wasu da kyakkyawar niyya, wasu kuma sun yi shekaru ba su waiwaye ta ba. Kundin yana sa alamomi, amma wajibi ne a san iyakar kowace. Alamar tantance mai bugawa tana tabbatar da cewa wurin ajiyar nasa ne, ba ta cewa kome game da halinsa. Alamar da ke nuna cewa masu manhajar ne da kansu suka fitar da taswirar ta fi nauyi. Akwai kuma hatimi na lissafi, irin wanda Helm ke iya dubawa ko wanda ake sawa da cosign, mai nuna cewa ba a taɓa kayan a hanya ba tun daga hannun mai shi.

Kada a ɗauki wannan a matsayin tsoron banza. A 2018 sai da Docker Hub ya cire ƙunsosi 17 da wani ya ajiye da sunayen sanannun manhajoji, alhali a cikinsu ya ɓoye abin da ke satar ƙarfin kwamfutar mutane yana haƙa masa kuɗin intanet na Monero. Sun yi watanni a rumbun ana ɗibarsu kafin a cire.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko muhimmanci, an kuwa fi sakaci da ita: wane ɗaki za a ba shi, kuma mabuɗai nawa. Fatoma yakan sauke baƙo a zaure ko a shago, ba ya miƙa masa mabuɗin cikin gida. A gungu kuwa, taswira ita ce ke rubuta iznin da take so, kuma in mai girkawa yana da cikakken iko, to duk abin da ta nema za a ba ta ba tare da an ƙara tambayarsa ba. Wata za ta nemi iko a unguwarta kaɗai, wata kuwa ta nemi ikon karanta taskar sirri ta gari gaba ɗaya. Helm kansa ya taɓa zama misalin wannan cuta. A zubinsa na biyu yana da wani sashe mai suna Tiller da ke zaune a cikin gungu, yawancin mutane suna ba shi sarautar gari dungum domin kada ya ba su wahala, shi kuma in ba an gyara ba ba ya tambayar mai yi masa magana ko shi wane ne. Duk kwantenar da ɓarawo ya samu ya shiga, sai ya aiki Tiller ya yi masa abin da yake so. An cire shi ɗungurungum a zubi na uku cikin Nuwamba 2019.

Misali mafi kusa shi ne na mai tsaron ƙofa da kansa. A Maris 2025 masu bincike na kamfanin Wiz suka bayyana wani rauni a ingress-nginx, wanda aka auna hatsarinsa da maki 9.8 cikin 10. Duk wanda ya iya isa ga hanyoyin cikin gungu yana iya sa wannan manhaja ta aiwatar da umarninsa, ita kuwa bisa al'ada an ba ta iznin karanta kalmomin sirri na dukan unguwanni, domin da su take buɗe wa baƙi ƙofa. Ma'ana, wanda ya kama sarkin ƙofa ya sami mabuɗan gari. An fitar da gyara nan da nan, amma gyara ba ya zuwa da ƙafarsa. Sai wanda ya san yana da wannan manhaja, ya san zubin da yake da shi, ya kuma ji labari, shi ne ya rufe ɓarakar.

Maganin wannan ba shi da tsada, haƙuri kawai yake bukata. Helm yana da umarnin helm template, wanda ke cike gurabun ya nuna takardun a fili ba tare da ya girka kome ba. Mai hankali yakan zauna ya karanta su, musamman sashen izini da sashen da ke cewa ko za a buɗe manhajar ga duniya. Takardar zaɓi an cike ta ne domin abu ya tashi da sauri a wurin gwaji, kuma mai cike ta bai san ko bayanan marasa lafiya ne za a ajiye ko na wasan yara ba. A 2018 aka gano cewa ɓarayi sun shiga gungun kamfanin Tesla ta allon sarrafawa da aka bari a buɗe ba kalmar sirri. In kamfani mai wannan dukiya ya yi irin wannan sakaci, ƙaramin ofishi mai ma'aikacin kwamfuta ɗaya ba shi da dalilin jin kunyar yin aikinsa a hankali.

Guga da Rijiyar Wani

Akwai wani al'amari da ya fi shafar wannan yanki fiye da ƙasashen da aka rubuta taswirorin. Taswira ba ta ɗauke da manhajar, adireshi kawai take ɗauke da shi. Gugan na mai gungu ne, igiyar tasa ce, amma rijiyar ta wani ce, kuma tana can wata nahiya. Duk lokacin da kwantena ta koma wata kwamfutar da ba ta da ƙunshin, sai an sake zura guga. In ma an rubuta cewa a jawo zubi mafi sabunta ba tare da an faɗi lambarsa ba, to Kubernetes zai nemi rumbun a duk tashin da kwantenar za ta yi, in bai same shi ba kuwa ba za ta tashi ba, ko da akwai tsohon ƙunshi a faifai.

A ɗauka cewa wani asibiti ne ko wata makaranta a nan kusa da Ƙofar Guga ta kafa ƙaramin gungu na kwamfutoci uku domin rajistar marasa lafiya ko sakamakon jarrabawa. Wuta ta ɗauke, janareta bai tashi da wuri ba, kwamfutocin suka mutu. Da wuta ta dawo sai ga shi intanet babu. Na'urorin lafiyarsu lau, bayanan suna nan, amma aikin ya tsaya cik, domin wata kwantena tana jiran amsa daga rumbun da ke Amurka. Kowane ɓangare na wannan misali ya taɓa faruwa. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka yanke a gabar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Nijeriya har bankuna suka kasa aiki yadda ya kamata. A Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. A Satumba 2021 kuma aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Jibiya, saboda matsalar tsaro, aka kuma yi watanni a haka. Mutanen da suka ga an rufe iyakar Jibiya a 2019, aka sake rufe ta a 2023, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan abin da ke samun mai kanti in hanyar kayansa guda ɗaya ce.

Ko da hanya a buɗe take, mai rijiya yana iya sauya ra'ayi. A Nuwamba 2020 Docker Hub ya sa iyaka ga masu ɗiba kyauta ba tare da rajista ba, sau 100 cikin sa'a 6 ga kowane adireshin intanet, abin da ya fi cutar da wuri irin jami'a inda ɗaruruwan mutane ke fita ta adireshi ɗaya. A wannan watan ne kuma, ranar 13, aka daina kula da babban kundin Helm na asali, wanda dubban mutane suka dogara da shi, saboda aikin ya fi ƙarfin masu sa kai da ke riƙe da shi. Mutane da yawa sai suka koma ga taswirorin Bitnami, waɗanda suka yi suna wajen tsafta da yawan sabuntawa, kuma kyauta ne. Amma VMware ya riga ya sayi Bitnami tun 2019, Broadcom kuma ya sayi VMware a Nuwamba 2023. A tsakiyar 2025 aka sanar cewa daga ƙarshen Agusta za a kwashe yawancin ƙunsosin zuwa wani rumbu na tsofaffin kaya wanda ba za a ƙara sabuntawa ba, a bar kaɗan kyauta domin gwaji, mai son sauran ya biya. Ba wanda ya karya doka a nan, domin ba a taɓa yi wa kowa alkawari ba. Zanen aro ne, mai shi ya nemi abinsa.

Labarin ingress-nginx ya fi wannan ban tausayi. A Nuwamba 2025 masu kula da Kubernetes suka sanar cewa za a daina kula da shi bayan Maris 2026, ba sabon zubi, ba gyaran rauni. Dalilin da suka bayar shi ne, shekara da shekaru mutum ɗaya ko biyu ne ke ɗauke da aikin, a lokacin hutunsu, bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su. Manhajar da ke tsaron ƙofar ɗimbin kamfanoni masu arziki ke nan. Hoton da ke cikin kundi ba ya nuna wannan. Sai mutum ya je inda ake rubuta manhajar ya duba mutum nawa ke aiki a kanta, yaushe aka fitar da zubi na ƙarshe, koke nawa ke jiran amsa.

Abin yi a nan shi ne a haƙa rijiya a gida. Akwai manhaja irin Harbor, ita ma kyauta, wadda ke zama rumbu a cikin ma'aikata. Duk ƙunshin da aka amince da shi sai a jawo shi sau ɗaya a ajiye, a umarci gungu ya riƙa ɗiba daga nan. A rubuta lambar zubin da ake so ƙarara, in son samu ne ma a rubuta doguwar lambar nan da ake lissafawa daga cikin ƙunshin, wadda ke sauyawa in an taɓa ko harafi ɗaya. A ajiye kwafin taswirar da takardar zaɓin da aka gyara a inda wani zai same su. Wannan yana cin faifai da lokaci, kuma ba abin da shugaban ma'aikata zai gani ya yaba. Amma Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare bayanan jama'a a kan wanda ya tattara su, ba ta san da wani mai taswira a ƙetare ba.

Baƙon da Ba Raɓa Ba

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, watau da hantsi ya yi zai tafi. Wannan baƙon zama ya zo yi, garin da ya sauka kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tun 2021 Kubernetes ke fitar da sabon zubi sau uku a shekara, kowanne kuma ana kula da shi na kimanin wata 14. A cikin wannan tafiya akan soke tsofaffin ƙa'idoji, kamar yadda zubi na 1.22 ya yi a 2021, inda ya daina karɓar tsohuwar hanyar rubuta takardar ƙofa, taswirorin da ba a gyara ba suka daina shiga. Saboda haka mai gungu yana tsakanin abu biyu: in ya ƙi sabuntawa raunuka za su taru, in ya sabunta gari bai duba baƙinsa ba wasunsu za su faɗi. Kowace manhaja da aka ƙara ta ƙara yawan abin da za a duba kafin kowane mataki, shi ya sa ƙwararru suka fi sabon shiga rowar girkawa.

Ko sallamar baƙon ma tana da nata sharaɗi. Manhajoji da yawa sukan koya wa gungu sababbin nau'o'in takardu nasu na kansu. In aka ce Helm ya cire manhajar, yakan bar waɗannan nau'o'in a baya da gangan, haka nan sau da yawa wurin ajiyar bayanai yakan rage. Dalili kuwa shi ne, wanda ya goge nau'in ya goge duk takardar da aka taɓa rubutawa da shi a faɗin gungun, lokaci ɗaya, ba kuwa tambaya. Mai son tsafta da ya bi yana share abin da bai sani ba yana iya shafe aikin shekara cikin daƙiƙa.

A ma'aikatun wannan ƙasa kuma akwai wata matsala da kundi bai san da ita ba. Sau da yawa matashi ɗaya ne mai hazaƙa, wataƙila ɗan bautar ƙasa ko ɗan kwangila, yake kafa gungun, ya girka abubuwa goma sha, kome ya yi kyau, sa'an nan wa'adinsa ya cika ko ya sami aiki a Abuja ko Legas. Wanda ya gaje shi ya tarar da gari cike da baƙi, bai san wa ya kawo su ba, bai san wanda za a iya taɓawa ba. Ya kamata kowace ma'aikata ta buɗe littafin baƙi, ko da shafi ɗaya ne ga kowace manhaja: sunanta, kundin da aka ɗauko ta, lambar zubinta, ranar da aka girka ta, iznin da aka ba ta, abin da zai tsaya in ta faɗi, da ofishin da ke da alhakin bin labarinta. Babu abin da ya hana a rubuta wannan shafi da Hausa. Shugaban asibiti ko magatakardar makaranta ba sa bukatar sanin umarnin Helm, amma in aka rubuta musu cewa manhaja kaza tana iya karanta dukan kalmomin sirri na ma'aikata, kuma masu kula da ita sun sanar da ranar da za su daina, za su fahimta sarai, kuma su ne masu ikon ware kuɗin faifai da lokacin ma'aikaci kafin ranar ta zo.